Zan tafi Kolon musayar ɗalibai: da me zan fara idan na sauka?

Tambayar da aka aiko: "Ina shekara ta uku a jami'a. An zaɓe ni cikin shirin musayar ɗalibai, zan yi zango biyu a Jami'ar Kolon ta ƙasar Jamus daga watan Oktoba. Biza ta fito, amma ban taɓa fita waje ba. Da me zan fara, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?"

Barka da arziki, ƙanena, Allah ya sa a tafi a sa'a. Kafin komai ka riƙe wannan: a Jamus al'amuranka duka a adireshi suke rataye. Sai da ɗaki ake samun takardar mai gida, sai da takardar mai gida ake rajistar zama a gari, ita kuma rajistar ce ke buɗe ƙofar banki da lambar haraji da izinin zama. Wanda ya tsallake ɗaya zai yi ta zagaye ofis-ofis ana mayar da shi baya. Don haka aikinka na farko tun kana gida yake farawa, kuma shi ne neman ɗaki.

Kolon, wadda za ka ga an rubuta Köln a allunan tasha, gari ne mai mutum sama da miliyan ɗaya, jami'arta kuma tana cikin mafi girma a ƙasar, an kafa ta tun 1388. Ɗaki yana wuya ƙwarai, musamman a Satumba da Oktoba. Mafi sauƙin kuɗi su ne gidajen hukumar jin daɗin ɗalibai, Kölner Studierendenwerk, inda ɗaki yakan kama daga wajen Yuro 250 zuwa 400 a wata, har da wuta da ruwa da ɗumama. Layin jira yana da tsawo, saboda haka ka cike takardar nema yau, kuma ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ka tambaya ko akwai ɗakunan da aka ware wa 'yan musaya. Idan ba a dace ba, sai gidan haɗaka da suke kira WG: kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na kowa ne. A shafin WG-Gesucht aka fi nema, kuma a Kolon ka sa ran Yuro 500 zuwa 650. Kada ka nace sai kusa da jami'a. Hürth da Brühl da Leverkusen duk jirgi yana kaiwa cikin kusan rabin sa'a, kuma a Efferen da ke Hürth akwai rukunin gidajen ɗalibai a kan layin jirgi na 18.

Tambaya ɗaya za ka yi wa duk mai ba da ɗaki kafin maganar kuɗi: zan iya yin Anmeldung, wato rajistar zama a gari, da wannan adireshin? Idan ya ce a'a, ko ya fara kame-kame, ka bar ɗakin komai arharsa. Yawanci hakan na nufin shi ma ɗan haya ne ya saka ka ba da sanin mai gida ba, ba zai iya ba ka takardar da hukuma ke nema ba. Sai 'yan damfara. Salonsu kusan ɗaya ne: hotuna masu kyau, kuɗi ƙasa da na kasuwa, mai gidan wai yana wata ƙasa, ka tura kuɗi zai aiko da makulli. Kada ka tura ko sisi kan ɗakin da ba ka gani ba ko wani amintacce bai gani ba, in ban da na hukumar ɗalibai. Kada kuma ka aika wa baƙo hoton fasfonka, da shi ake damfarar na bayanka. Gara ka kama gado a masaukin matasa na kwana goma ka nema da ƙafarka.

A yarjejeniyar haya za ka ga kuɗi iri biyu. Kaltmiete kuɗin ɗakin ne zalla, Warmmiete kuma ya haɗa da ɗumama da ruwa da shara. Wutar lantarki da intanet sau da yawa daban suke, ka tambaya. Kuɗin jingina, Kaution, doka ba ta yarda ya wuce hayar wata uku ta zalla ba, kuma kana da haƙƙin biya kashi uku. Ranar da ka karɓi makulli, kafin ka kwance jaka, ka ɗauki hoton kowace kusurwa: tabon bango, tsagewar tayil, ƙonewar teburin kicin, lambar mita. A rubuta su a takardar miƙa ɗaki ku sa hannu ku biyu. Abin da ba a rubuta ba ranar shiga, kai za a caje ranar fita.

Doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare ka yi rajista. A Kolon ofishin sunansa Kundenzentrum, kowace gunduma da nata. Ka nemi lokacin ganawa ta intanet da zarar ka san ranar tarewa, don guraben sukan cike; a duba da sassafe, lokacin ne sababbi kan fito. Ka je da fasfo da takardar shaidar mai gida, Wohnungsgeberbestätigung. Yarjejeniyar haya kaɗai ba ta wadatarwa, nan mutane da yawa ke yin zuwan banza. Rajistar kyauta ce, za a ba ka takarda ɗaya, Meldebestätigung. Ka yi mata kwafi uku ka adana ta tare da fasfo. Ka duba yadda aka jera sunanka kafin ka tashi daga kujera. Sunan da ke layin sunan mahaifi a fasfo shi ne sunan danginka a wajensu, kuma haka zai bi ka banki da inshora da jami'a. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed a takardu biyu ya isa ya riƙe maka kuɗi mako guda.

Daga nan, ran nan ran nan, ka manna wannan sunan a akwatin wasiƙa da ƙararrawar ƙofa. Abin kamar ƙarami ne, amma masinjan gidan waya a Jamus suna yake bi ba lambar ɗaki ba. In bai ga sunanka ba sai ya mayar da wasiƙar. Katin banki da lambar sirrinsa a ambulan daban-daban suke zuwa, haka katin inshora, haka lambar haraji mai alƙaluma 11 da ke isowa da kanta bayan rajista. Ka buɗe akwatin kullum. Duk wasiƙar da ka ga kalmar Frist, wa'adi ke nan. Mahnung kuma gargaɗin bashi ne. Wasiƙar da ba ka gane ba kada ta kwana biyu, ka kai ofishin ɗaliban waje a karanta maka. Bashin Yuro 20 da aka share yakan koma hannun kamfanin karɓar bashi ya ninka sau da yawa.

Maganar kuɗi. Idan da kullallen asusu ka samu biza, wato Sperrkonto, adadin da aka tsayar tun Satumban 2024 Yuro 11,904 ne a shekara, ana sakar maka 992 a wata. Ba za su fara fita ba sai ka buɗe asusun yau da kullum a Jamus ka ba kamfanin da ke riƙe da kuɗin lambar sabon asusun, wato IBAN, abin da kan ci mako biyu zuwa huɗu. Watan farko kuwa shi ne mafi tsada: jingina, hayar farko, bargo, tukwane, rigar sanyi. Don haka ka riƙo wajen Yuro 1,500 zuwa 2,000 da za ka iya taɓawa nan take, wani kaso a hannu cikin ƙananan takardu. Katin naira kada ka dogara da shi. Mai tallafin karatu na DAAD ko Erasmus shi ma kuɗin farko sai asusu ya buɗe. Wasu bankunan intanet ba sa karɓar kowane fasfo wajen tantancewa ta bidiyo. In haka ta faru ka shiga reshen Sparkasse KölnBonn ko wani banki da fasfo da takardar rajista da ta jami'a. Layin waya ma sai an tantance fasfo. Ka sayi na saka kati, kada ka sa hannu a kwantiragin wata 24 don an nuna maka sabuwar waya, zama na wata goma za ka yi.

Jami'a ba za ta kammala yi maka rajista ba sai da abu biyu. Na farko inshorar lafiya. Ɗalibin da bai kai shekara 30 ba yakan shiga ta gwamnati, irin su TK, AOK ko Barmer, wajen Yuro 140 a wata, kuma kamfanin ne da kansa ke aika wa jami'a sanarwa ta kwamfuta. Ana iya nema tun daga gida. Za a tallata maka inshorar 'yan kasuwa mai arha. Ka yi hattara, domin wanda ya sa hannu ya fita daga ta gwamnati ba ya komawa cikin wannan karatun, kuma masu arhar sau da yawa ba sa biyan ciwon da ka zo da shi. Ga mai sikila ko asma wannan babbar magana ce. Na biyu kuɗin zango, Yuro 300 da 'yan kai. Ba kuɗin makaranta ba ne, ɗan musaya ma yana biya, kuma a ciki tikitin sufuri yake. Da tikitin nan kana hawa bas da jirgin cikin gari da jiragen yanki a duk faɗin Jamus, amma ban da masu gudu, ICE da IC da EC. Yana fara aiki ranar 1 ga Oktoba. In ka iso a Satumba don kwas ɗin harshe sai ka sayi tikiti. Ba shinge a tashoshi, ba mai tambayarka a ƙofa, wannan ke rudar baƙo. Masu bincike kan shigo ba zato, tarar Yuro 60 ce, kuma maimaitawa na iya zama ƙara a kotu, abin da mai biza ba ya so a fayil ɗinsa. Tikitin a waya yake, don haka wayar da cajinta ya ƙare daidai take da rashin tikiti a lokacin.

Ka buɗe fasfo yanzu ka duba ranar ƙarewar bizar. Wasu 'yan musaya ana ba su wadda ta rufe zaman duka, wasu ta wata uku ko shida. In taka gajeriya ce, ka shigar da neman izinin zama a ofishin baƙi, Ausländeramt, tun saura mako shida zuwa takwas. Abin da doka ke dubawa shi ne ka nema kafin ta ƙare, ko da ba a kira ka ba tukuna, don haka ka adana shaidar aikawa. Kuɗin katin izinin zaman wajen Yuro 100 ne. In an ba ka takardar wucin gadi ta jira, kada ka fita ƙasar sai ka tambaya ko irin taka tana ba da damar dawowa.

Akwai kuma kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo. Wasiƙarsu za ta zo bayan rajista. A gidan haɗaka mutum ɗaya ke biya a raba, sai ka karɓi lambarsa ka cike cewa an riga an biya wa gidan.

Yanzu jaka. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk wani nama ko kayan madara daga wajen Tarayyar Turai haramun ne shigo da su, za a ƙwace kuma ana iya cin tara. Na san da ciwo, amma a bar su. Kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa da garin kunu, a ɗaure da kyau cikin leda mai haske. Magani ka zo da shi a kwalinsa tare da takardar likita. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ɗan Najeriya sai da adafta. Ɗan Nijar galibi nasa zai shiga. Ka saka buta ƙarama, banɗakinsu takarda ce kawai, kuma ƙasan ba shi da magudana: bayan alwala ka goge ruwan da ya zuba, yana cikin abubuwan da suka fi haɗa ɗalibanmu faɗa da abokan zama. Babbar rigar sanyi kuwa can za ka saya.

Sanyin Kolon ba irin hunturun gida ba ne. Namu busasshe ne da rana a sama. Nasu jiƙaƙƙe ne, yayyafi da iska da gajimare, ma'auni yana yawo tsakanin sifili da digiri shida. Riga uku marasa kauri a jere sun fi ɗaya mai kauri, ta saman ta zama mai hana ruwa, takalmi ma haka. Ɗaki kuma yana da ƙa'idarsa. Mutum ya ji sanyi sai ya rufe taga ruf, ya ƙure hita, ya shanya wanki a ciki. Bayan mako uku sai baƙar funfuna ta fito a kusurwar bango da bayan kabad, kuma daga kuɗin jinginarka za a gyara. Abin yi: hita a lamba 3, wajen digiri 20 ke nan, sannan safe da yamma a rage ta a wangale taga gaba ɗaya minti biyar zuwa goma, a rufe. Barin taga a ɗan karkace duk yini yana sanyaya bango ne kawai yana ƙona kuɗi. Kabad da gado a ɗan janye su daga bangon waje.

Duhu ya fi sanyi cin rai. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:30, ta faɗi kafin 4:30. Azahar wajen 12:30, la'asar kusan 2:15, magariba wajen 4:30, salloli uku cikin awa huɗu kuma a tsakiyar lacca. Ka duba jadawalinka da wannan a zuciya, ka riƙe ƙaramar darduma a jaka, ka tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi inda suke salla. Juma'a akwai babban masallacin Ehrenfeld da aka buɗe a 2018 da wasu ƙanana da yawa. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, yini gajere, sai dai yakan haɗu da jarrabawa. Kasala da yawan barci da ƙuncin zuciya a Nuwamba zuwa Janairu abu ne sananne ga wanda ya taso a rana. Ka fita ka yi tafiyar rabin sa'a da tsakar rana ko da hadari, ka tambayi likita game da bitamin D, kuma in abin ya wuce mako biyu yana hana ka karatu, hukumar ɗalibai tana da masu ba da shawara kyauta cikin sirri. Zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne. Lambar gaggawa 112, 'yan sanda 110, likitan dare da ƙarshen mako 116117.

Abinci ba zai gagare ka ba. Mahautan Turkawa da Larabawa suna nan a Keupstraße da Venloer Straße da Weidengasse, shagunan 'yan Afirka kuma akwai doya da manja da garin rogo. A kanti ka haddace kalmomi biyar: Schwein alade, Schinken da Speck namansa, Schmalz kitsensa, sai Gelatine. Mett da za ka gani a kan burodi ɗanyen naman alade ne. Kölsch giya ce, Radler ma akwai giya a ciki, Apfelschorle kuwa ruwan tuffa ne. A kantin cin abincin jami'a da ke Zülpicher Straße kullum akwai na ganye zalla a kan 'yan Yuro kaɗan. Ran Lahadi kantuna a rufe suke sai na babbar tasha, cefane ran Asabar. Gorar roba da gwangwani akwai santi 25 a kansu, ana mayar maka in ka saka su a injin kanti. Daga goman dare zuwa shidan safe lokacin shiru ne, kiran gida da murya sama ya isa maƙwabci ya ƙwanƙwasa. Kada ka sauke fim ta torrent, hanyar raba fayiloli a intanet, wasiƙar lauya ta ɗaruruwan Yuro ke biyo baya. Ranar 11 ga Nuwamba da makon bikin Karneval kafin azumin Kirista, unguwar jami'a takan cika da mashaya. Ranakun ka bi ta wata hanya.

Karatun shi ya kai ka, kuma nan ne asarar da ba a gani sai an dawo. Kafin ka tashi, ka zauna da shugaban sashenku a rubuta wane kwas na can zai maye gurbin wane na gida, a sa hannu a buga hatimi. In kwas ya canja bayan ka isa, kuma yakan canja, a gyara takardar cikin makonnin farko, a sake sa hannu ta imel. Alkawarin baki ba ya zuwa gaban majalisar jami'a. Ɗalibi kan dawo da sakamako mai kyau a ce ya maimaita shekara. Cikakken zango maki 30 ne na ECTS, ma'aunin nauyin kwas a Turai, kowane maki aikin awa 25 zuwa 30, amma ga sabon zuwa 20 zuwa 25 ya fi hankali in jami'arku ta yarda. A Kolon ana zaɓen kwas a shafin intanet na KLIPS, kayan karatu a na ILIAS. Rajistar kwas daban, rajistar jarrabawa daban, kowace da wa'adinta. Wanda ya halarci lacca duk zango bai yi ta biyun ba, ba zai zauna jarrabawa ba. A sakamakon jarrabawa 1.0 shi ne ƙoli, 4.0 tsira da ƙyar, 5.0 faɗuwa. In ka ga c.t. bayan lokaci, an ƙara minti 15 ke nan, s.t. kuwa daidai ƙarfen. Malami ba zai bi ka ba, ba wakilin aji da zai tuna maka. Yana da sa'ar ganin ɗalibai a mako, ka je da tambaya a rubuce. Kwafar jimlar wani ba tare da ambaton mai ita ba tana kayar da kwas gaba ɗaya.

Aiki an yarda maka kwana 140 cikakku ko rabi 280 a shekara, kuma lokacin karatu kada ya wuce awa 20 a mako. Mafi ƙarancin albashi Yuro 13.90 ne a awa daga Janairun 2026. Aikin hannu-da-hannu ba takarda, ko aiki da sunan wani, yana iya cinye maka izinin zama. Shawarata ka bar zangon farko ga karatu da harshe.

'Yan gida za ka same su, Kolon da Bonn akwai Hausawa, sashen Hausa na DW ma a Bonn yake, tafiyar rabin sa'a. Ka riƙe su, ranar Salla za ka san amfaninsu. Amma ka je makon tarbar sababbin ɗalibai, ka nemi a haɗa ka da ɗalibin da zai yi maka jagora, ka shiga wasannin jami'a. Sashen nazarin Afirka na jami'ar ya daɗe da alaƙa da Hausa, ka leƙa ko akwai mai son musayar harshe, awa ɗaya Hausa awa ɗaya Jamusanci. In aka nuna maka wariya a jirgi ko wajen neman ɗaki, ka rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa, ka kai ofishin ɗaliban waje.

Tafiya gida ma tana da jerinta. Hayar da ba ta da wa'adi sai an ba da sanarwar wata uku a rubuce da sa hannu, saƙon waya ba ya ƙirguwa. A makon ƙarshe ka koma Kundenzentrum ka yi Abmeldung, wato soke rajistar zama, da takardar za ka soke inshora da kuɗin rediyo, in ba haka ba bashi zai ci gaba da taruwa da sunanka har ranar da ka sake neman biza. Asusun banki ka bar shi a buɗe, mai gida na iya riƙe kuɗin jingina har wajen wata shida. Takardar sakamako kuma sau da yawa ba ta fitowa kafin ka tashi, don haka ka karɓi suna da imel na jami'in da zai aika ta, ka ba shi adireshin ofishin jarrabawa na jami'arku.